Yadda Ake Gyara Shafin Kamfani da Ya Hargitse a Tsohuwar Burauza, da Abin da Gyaran Yake Ci

Ran 15 ga watan Yuni na shekarar 2022 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Internet Explorer, watau manhajar nan ta buɗe shafukan intanet wadda ya fito da ita tun cikin watan Agusta na 1995. Masu sana'ar tsara shafuka a ko'ina cikin duniya sun yi murna da wannan mataki, domin kuwa babu wata manhaja da ta ci musu lokaci, ta kuma ci wa iyayen gidansu kuɗi, kamar wannan. Sai dai matsalar da ta yi suna da ita ba ta bi ta kabari ba. Har yanzu ɗan kasuwa yakan biya kuɗi masu yawa a tsara masa shafi, ya gan shi tsaf a kwamfutar ofishinsa, sa'an nan abokin ciniki ya bugo waya yana cewa farashi ya hau kan hoton kaya, ko kuwa wurin da ake latsawa a yi oda ya ɓace gaba ɗaya.

Irin wannan manhaja ita ake kira burauza. Abin da ya kamata mai kamfani ya fara fahimta shi ne, shafin intanet ba kamar talla ba ne da aka buga a jarida, wadda kowa zai gan ta iri ɗaya daga Legas har Maiduguri. Abin da ke barin na'urar kamfani zuwa ga mai karatu umurni ne a rubuce: rubutun HTML yana faɗin abin da ke cikin shafin, rubutun CSS kuma yana faɗin inda kowane abu zai zauna, da girmansa da launinsa. Burauzar da ke hannun mai karatu ita ce magini. Ita za ta karanta wannan umurni ta tayar da ginin a fuskar na'urarsa. In maginin tsoho ne wanda bai san sabon salo ba, ko kuwa ma'auninsa ya saɓa da na sauran magina, to, gini zai karkace ko da zanen ba shi da aibi.

Asalin saɓanin kuwa gasar ciniki ce. Kamfanin Netscape ya fito da burauzarsa a ƙarshen 1994, Microsoft ya biyo baya a 1995, kowannensu kuma ya riƙa ƙirƙiro dabarun da ba sa aiki sai a tasa manhajar, don ya ɗaure masu shafuka a gindinsa. A wancan zamani ne aka riƙa ganin sanarwa a ƙasan shafuka cewa an fi jin daɗin kallonsu da burauza kaza. Akwai ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo ta duniya, W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, kuma ta fitar da ƙa'idar CSS ta farko a watan Disamba na 1996, ta biyu kuma a watan Mayu na 1998. Amma fitar da ƙa'ida daban, binta daban. Kamfanoni da dama sai da suka riƙa biyan kuɗin shafi biyu, ɗaya don Netscape, ɗaya don Internet Explorer.

Microsoft ne ya ci wannan gasa. Ya saki Internet Explorer 6 a watan Agusta na 2001, ya kuma haɗa ta da Windows XP, har ta kai ga a shekarun 2002 zuwa 2004 fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet da manhajarsa suke shiga. Da ya ga babu abokin karawa sai ya miƙe ƙafa. Ba a ga Internet Explorer 7 ba sai a watan Oktoba na 2006, watau shekara biyar ke nan kurakuran ta shida suna zaune daram, duk mai tsara shafi kuma tilas ya koyi zama da su.

Mafi shahara cikin waɗannan saɓani shi ne na awon akwati, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin wanda ya gane shi ya gane rabin matsalar. A wurin burauza, duk abin da ke kan shafi akwati ne mai kusurwa huɗu: akwai abin da ke ciki, akwai 'yar tazara tsakaninsa da bango, akwai bangon kansa, sa'an nan akwai rata tsakanin wannan akwati da maƙwabcinsa. Tambayar ita ce, in aka ce faɗin akwati 300 ne, me aka auna? Duk wanda ya taɓa sayen fili ya san irin wannan gardama: ƙafa 50 ɗin nan har da katanga ne, ko kuwa ban da ita? Ƙa'idar W3C ta ce 300 ɗin na abin da ke ciki ne kawai, tazara da bango ƙari ne. Saboda haka in tazarar 20 ce a kowane gefe, bangon kuma 5, akwatin zai ci wuri 350. Ita kuwa Internet Explorer 5 ta kwamfutocin Windows sai ta cusa kome da kome cikin 300 ɗin, ta bar wa rubutu 250 kacal.

Bambancin ɗigo 50 a fuskar na'ura kamar ba kome ba ne, amma ga abin da yake haifarwa. A ce mai tsari ya jera akwati biyu kafaɗa da kafaɗa, na hagu don jerin kaya, na dama don farashi da wurin yin oda, ya kuma auna su daidai da faɗin shafin bisa ma'aunin Microsoft. In aka buɗe wannan shafi a burauzar da ke bin ƙa'ida, akwatunan za su kumbura, wuri ya kasa, na dama ya zame ya faɗa can ƙasan na hagu inda mai saye ba zai gan shi ba. Shi mai saye ba ruwansa da W3C. Abin da ya sani shi ne wannan kamfani shafinsa ba ya aiki.

Maganin farko da aka samu yana nan har gobe, kuma shi ne abu na farko da gwani yake dubawa in an kawo masa shafin da ya hargitse. Tun daga Internet Explorer 5 ta kwamfutocin Macintosh a shekarar 2000, sa'an nan ta shida ta Windows, burauzoji sukan duba layin farko na shafi su ga ko akwai wata sanarwa da ake kira doctype. In tana nan, kuma an rubuta ta daidai, sai su yi awo bisa ƙa'ida. In babu ita, sai su ɗauka tsohon shafi ne, su koma awon da. Layi guda ne tak, amma rashinsa yana iya rusa tsarin shafi baki ɗaya. A Internet Explorer 6 ma, ko da sanarwar tana nan, in wani rubutu ya riga ta zuwa, manhajar takan koma tsohon awo. Abin ban dariya shi ne, daga baya masu sana'ar da yawa sun yarda cewa awon Microsoft ya fi sauƙin lissafi, har aka shigar da shi cikin ƙa'ida a matsayin zaɓi, da umurnin da ake kira box-sizing, wanda Internet Explorer 8 ta 2009 da na bayanta suka fahimta. Yawancin shafukan zamani da shi suke aiki.

Sauran kurakuran ta shida suna da yawa. Takan ninka ratar da ke gefen akwatin da aka jingina hagu ko dama, a ce 10 ta yi 20. Ba ta san umurnin iyakance mafi ƙarancin faɗi ko mafi yawansa ba. Hoton tambarin kamfani irin na PNG wanda ya kamata a riƙa hango abin da ke bayansa, sai ta shafe bayan da toka-toka. Wani lokaci rubutu yakan ɓace, sai an ja shafin ƙasa an dawo sa'an nan ya bayyana. Kowane ɗaya da nasa laƙanin, kuma masu sana'ar sun haddace su kamar yadda bakanike ya haddace halin tsohuwar mota.

Hanyoyin gyaran sun kasu ne bisa ga tsabtarsu. Akwai ta wayo, inda ake amfani da wani kuskuren manhajar don a rufe wani: a rubuta umurni a karkace ta yadda tsohuwar burauza kaɗai za ta karanta shi, sababbi su tsallake. Wannan hanya tana biyan bukata a yau, gobe kuma ta zama gyaran gangar Auzinawa. Haka ya faru a 2006, lokacin da ta bakwai ta fito da wasu kurakuran a gyare, wasu kuma ba a taɓa su ba, shafukan da aka cika da irin waɗannan dabaru suka sake wargajewa, masu su suka sake biyan kuɗin gyara. Hanyar da ta fi wannan tsabta ita ce wadda Microsoft da kansa ya tanada tun daga ta biyar, watau wata alama ta sharaɗi da ake sawa a shafi, mai cewa in burauzar nan Internet Explorer 6 ce ko ta ƙasa da ita, to, ta ɗauki wannan ƙarin fayil na gyare-gyare. Amfaninta shi ne duk facin yana wuri guda, ranar da aka daina bukatarsa sai a cire fayil ɗin a huta. Microsoft ya daina karɓar wannan alama daga ta goma, a 2012.

Hanya ta uku ita ce a ɗora wa tsohuwar burauza wasu ƙananan manhajoji da za su koya mata abin da ba ta sani ba. Shahararriya a cikinsu ita ce jQuery, wadda John Resig ya fitar a 2006, wadda ta ɗauke wa masu tsari wahalar rubuta umurni daban-daban ga kowace burauza. Sai dai kowane irin wannan ƙari nauyi ne a kan shafi, kuma na'urar da ta fi bukatarsa ita ce mafi rauni wajen ɗaukarsa. Su kansu masu jQuery sun sauke Internet Explorer 6 da 7 da 8 daga fitowarta ta 2.0 a shekarar 2013.

To, me ya hana mutane su sauya manhaja kawai, tunda kyauta ake ba da sabuwa? A nan ne batun ya tashi daga hannun injiniya ya koma teburin akanta. Manyan kamfanoni da ma'aikatun gwamnati sun kashe dukiya wajen gina tsarin biyan albashi da na ajiyar kaya da na lissafi waɗanda ba sa aiki sai da tsohuwar manhajar. Sauya burauza a wurinsu yana nufin sake gina waɗannan duka. A 2010 gwamnatin Birtaniya ta ƙi amincewa da wata takardar koke da ta nemi ma'aikatunta su rabu da Internet Explorer 6, ta kafa hujja da yawan kuɗin da aikin zai ci. Da Microsoft ya daina kula da Windows XP ran 8 ga Afrilu na 2014, gwamnatin ta biya shi kimanin fam miliyan 5.5 don ya ci gaba da kula mata da kwamfutocinta na tsawon shekara guda. Saboda irin waɗannan abokan ciniki ne ma Microsoft ya bar wani sashe cikin sabuwar burauzarsa, Edge, mai kwaikwayon tsohuwar, ya kuma yi alkawarin kula da shi aƙalla har zuwa 2029.

Babu ƙasar da ta ɗanɗana kuɗar wannan ɗauri kamar Koriya ta Kudu. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka gina harkar banki da ciniki ta intanet a ƙasar a kan wata fasahar tsaro da ke bukatar ActiveX, wadda ba ta aiki sai a Internet Explorer. Sakamakon haka, shekara da shekaru duk mai son sayayya ko biyan kuɗi ta intanet a ƙasar tilas ya riƙe manhajar Microsoft, masu saye daga ƙasashen waje kuma suka riƙa kasa kammala ciniki. Sai da shugabar ƙasar ta lokacin, Park Geun-hye, ta koka a bainar jama'a a 2014 cewa masu saye daga ƙasar Sin sun kasa sayen tufafin da suka gani a wasannin talabijin na Koriya, sa'an nan aka fara sassauta dokokin, ba a kuma kammala soke fifikon takardar shaidar da tsarin ya dogara a kanta ba sai a 2020.

Ta ɗaya gefen kuma, akwai 'yan kasuwar da suka gaji da ɗaukar wannan kaya. Google ya fara janye tallafin Internet Explorer 6 daga wasu ayyukansa a watan Maris na 2010, a 2011 kuma Microsoft da kansa ya buɗe kamfe yana roƙon jama'a su rabu da ita. A watan Yuni na 2012 wani kamfanin sayar da kayan lantarki ta intanet a ƙasar Ostiraliya, mai suna Kogan, ya ba da sanarwar ɗora ƙarin kashi 6.8 cikin 100 a kan duk wanda ya yi sayayya da Internet Explorer 7, watau kashi 0.1 ke nan ga kowane wata tun fitowarta. Babu shakka akwai neman suna a cikin wannan mataki, amma ya fito da wata gaskiya fili: gyaran shafi don tsohuwar burauza yana da farashi, kuma in ba a ɗora shi a kan mai ita ba, to, an raba shi ne a kan dukkan masu saye.

A Nijeriya lamarin ya ɗauki wata kama dabam. Yawancin jama'armu ta wayar hannu suka san intanet, bayan zuwan layukan GSM a 2001, kuma burauzar da ta buɗe wa miliyoyi wannan ƙofa ita ce Opera Mini ta wani kamfanin ƙasar Norwe, wadda aka saki ga duniya a farkon 2006. Aikinta ya bambanta da na sauran: na'urorin kamfanin ne ke karɓo shafin, su matse shi ya ragu ƙwarai, sa'an nan su aiko wa wayar, abin da ke rage kuɗin data. A yanayinta na tsananin tsimi, adon shafi da yawa yakan zube a hanya, haruffa na musamman ba sa fitowa, abubuwan da ke motsi kuma ba su cika aiki yadda aka tsara ba. Kamfanin da ya yi alamar kwandon sayayya da irin waɗannan haruffa, ba tare da ya rubuta kalma a gefenta ba, mai wannan waya zai ga fili ne kawai ko wani ɗan akwati marar ma'ana.

Har ila yau, kasuwarmu ta na'urori ta dogara ƙwarai a kan na hannu, kamar yadda duk wanda ya shiga Computer Village a Ikeja ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai shaida. Tsohuwar na'ura kuwa takan kai matsayin da ba ta karɓar sabuwar burauza ko mai ita yana so. Kwamfutar da ke kan Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita a watan Janairu na 2020, ta tsaya ne a Chrome ta 109, wadda ta fito a farkon 2023. Wayar iPhone da ta daina karɓar sabon tsarin aiki, burauzarta ta Safari ma ta tsaya ke nan. Saboda haka kiran da wasu shafuka ke yi wa mai ziyara cewa ya sabunta burauzarsa, a wurin mutane da yawa daidai yake da a ce ya je ya sayo sabuwar waya kafin a sayar masa da buhun shinkafa.

Dabarar da ta fi dacewa da irin wannan kasuwa ba sabuwa ba ce. Steve Champeon ya bayyana ta a wani taro a Amurka a 2003, kuma ma'anarta ita ce a fara gini daga ƙasa. Da farko a rubuta shafin da HTML zalla, ta yadda sunan kaya da farashi da lambar waya da takardar oda za su fito a jere, a karanta su a kowace irin na'ura. Bayan haka a ɗora ado da tsarin ginshiƙai, sa'an nan a ɗora abubuwan motsi. Abin da ya sa wannan ke yiwuwa shi ne wata ɗabi'a ta CSS: burauza in ta gamu da umurnin da ba ta sani ba, tsallake shi take yi ta wuce. Don haka mai tsari yana iya rubuta tsohon umurni, ya bi shi da sabo. Tsohuwar manhaja ta ɗauki na farko, sabuwa ta ɗauki na biyu. Akwai ma umurnin da ke tambayar burauza ko ta iya abu kaza kafin a ba ta shi. Tsarin jera akwatuna na zamani da ake kira Grid, wanda manyan burauzoji suka karɓa a watan Maris na 2017, ana iya ba da shi ta wannan hanya, wanda na'urarsa ba ta iya ba kuma ya ga shafin a ginshiƙi guda, ba kyau sosai, amma yana iya sayayya. Hukumar da ke kula da shafukan gwamnatin Birtaniya ta sa wannan hanya cikin ƙa'idojin aikinta.

A ganinmu, kuskuren da masu kamfanoni suka fi yi shi ne neman shafi ya fito iri ɗaya sak a kowace na'ura. Wannan buri ne ke cinye kuɗi, kuma babu mai saye da ke ajiye waya biyu yana gwada kwanar akwati. Abin da ya kamata a rubuta cikin yarjejeniya da mai tsara shafi shi ne sunayen burauzoji da na'urorin da tilas ciniki ya kammalu a kansu daga farko har biyan kuɗi, da kuma waɗanda ya isa a iya karanta bayani a kansu. Wannan jeri kuwa daga bayanan masu ziyartar shafin kamfanin ya kamata a ɗebo shi, ba daga alƙaluman Turai ko Amurka ba. Amma a yi hattara da waɗannan bayanai: in shafin ba ya buɗuwa a wata na'ura, masu ita sun daina zuwa, alƙaluma kuma za su nuna kamar babu su. Kafin a biya kason ƙarshe na kuɗin aiki, yana da kyau a sayi tsohuwar waya mai arha a gwada yin oda da ita a kan layin da ba shi da ƙarfi.

Akwai dai iyakar da ba a tsallakewa, ita ce ta tsaro. Ana iya yi wa fasalin shafi faci, amma ba a yi wa ƙofar kuɗi. A watan Janairu na 2010, bayan harin da aka kai wa Google da wasu kamfanoni ta wata kafa a Internet Explorer, hukumomin tsaron na'urori na Jamus da Faransa sun shawarci jama'arsu su kauce wa manhajar har sai an toshe kafar. Ƙa'idar da kamfanonin katin biyan kuɗi suka gindaya ta sa 30 ga Yuni na 2018 a matsayin ranar ƙarshe ta daina amfani da tsofaffin hanyoyin sirranta bayanai, Internet Explorer ta kan Windows XP kuwa ba ta iya sababbin ba. Mai irin wannan na'ura ba zai kai ga shafin biyan kuɗi ba kome gwanintar mai tsari, kuma bai kamata kamfani ya sassauta tsaronsa dominsa ba. Abin da za a yi masa shi ne a tabbata lambar wayar kamfani da adireshin shago suna rubuce da haruffa a shafin farko, ba a cikin hoto ba, domin ya samu wata hanyar da zai kawo kuɗinsa.